Gashin Bakin Desmond

A wani ƙaramin gari na arewacin Ingila an yi wani mahauci, Desmond Hepworth. Mutumin kirki ne, sai dai akwai ji da kai. Yana cikin ƙungiyar garin da ke shirya wasan waƙa na barkwanci irin na zamanin kakanni, don sha'awa kawai. Kullum shi ake ba waƙar nan ta sauri, wadda harshe ke gudu kamar keken ɗinki, 'yan amshi kuma su maimaita ƙarshen kowane baiti. Da waƙar nan garin ya san shi. 'Yan amshi kuwa, a ganinsa cikon benci ne.

Ranar gwajin ƙarshe, da kowa ke sa kayan wasansa, Desmond ya ce shi kam ya wuce nan. Maureen, shugabar 'yan amshi, ta bi shi har shago da gashin baki na bogi, tunda a matsayin janar ɗin soja zai fito a wasan.

"Haba Desmond, ko sau ɗaya ka rera da shi a fuskarka mana."

"Ke dai je ki koya wa mutanenki buɗe baki," in ji shi.

Ranar wasa zaure ya cika maƙil. Baitin farko ya tafi lafiya lau. A na biyu gumi ya jiƙa gam ɗin da aka manna gashin bakin da shi, gashin ya sulluɓo, gogan ya ja numfashi, sai ga gashin cikin bakinsa. Tari ya sarƙe shi, mai piyano kuwa bai tsaya ba. Kunya ta rufe Desmond, ya tabbata yau sunansa ya ɓaci.

Sai ya ji murya a bayansa. Ashe yawan jiran amshi ya sa 'yan amshi duk sun haddace waƙar. Maureen ta ɗauka, sauran suka bi, suna sara masa kamar haka aka tsara. Da suka kai ƙarshen baiti Desmond ya tofar da gashin, ya yi musu amshi shi kaɗai. Jama'a suka kwashe da dariya da tafi, suka ce sai an sake.

Bayan wasa, wajen shan shayi, idonsa cike da ƙwallar murna, ya gode musu ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi Maureen ko akwai gurbi cikin 'yan amshi baɗi.

"Akwai," ta ce, "amma a layin baya."

Darasi: kada ƙwarewa ta sa ka raina shiri, kada kuma ka raina masu tsayawa a bayanka. Ranar da muryarka ta ɗauke, su ne za su rufa maka asiri.