Ƙararrawar Murfin Tukunya

Akwai wata mata mai ɗinki, kekenta na ɗakin ƙofar gida. Mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki: baki ya mutu, ƙafa ta mutu, hannun hagu kaɗai ke motsi. In ƙishi ya kama tsohuwar, sai dai ta zuba wa ƙofa ido har Allah ya kawo mai giftawa.

Abin ya dami jikokinta biyu, babbar 'yar da ƙaninta da ake tsokana da Giɓi. Suka tono wani tsohon murfin tukunya a bayan kicin, suka huda shi da ƙusa da dutse, har Giɓi ya doke ɗan yatsansa. Suka zura masa ƙyallen da ya faɗo daga keken uwarsu, suka rataye shi a ƙarfen taga, daidai kan gadon Kaka. Sai suka damƙa mata ludayin ƙarfe.

"Kaka, bugu ɗaya ruwa, biyu a juya ki," in ji yarinyar. "In kuma babu tsayawa, a zo da gudu."

Tsohuwa ta buga. Ƙwal! Rabin bakinta ya yi murmushi.

To, wanda ya daɗe bai yi magana ba, in ya samu baki sai a hankali. Wani lokacin ba ruwa take so ba, fuskar mutum kawai take son gani. Mai ɗinki ta gaji da tashi a banza. Wata safiya, yara sun tafi makaranta, ta shiga ta zare ludayin.

"Inna, ki yi haƙuri. Nan gida ne, ba makaranta ba. Ɗinkin mutane ne a kaina."

Ta jiƙa wanki a babban bokiti a tsakar gida, ta bar Auta, ɗanta mai koyon tafiya, yana wasa a tabarma, ta hau keke.

Can zare ya tsinke. Da keken ya yi shiru sai ta ji wani sauti ƙasa-ƙasa: ɓum, ɓum, ɓum. Ta ja tsaki, ta lashi zare za ta zura a allura. Sautin bai tsaya ba.

Babu tsayawa.

Ta fito a guje. Tabarma babu kowa. Ƙafafun Auta biyu ta hango a sama, kansa na cikin bokiti.

"Innalillahi! Jama'a, ku taimake ni! Ɗana!"

Ta fizgo shi, ya zo mata kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ta jijjiga shi, ta kira shi, ko motsi. Maƙwabciya ta faɗo gidan ba ko takalmi, ta karɓe shi ta shimfiɗar, tana danna ƙirjinsa tana hura masa iska. Uwar na durƙushe cikin ruwan sabulu, ba abin da take iya faɗa sai, "Ya Allah, kada ka kama ni da wannan."

Sai yaro ya yi tari, ya amayo ruwa, ya tsala kuka.

Har lokacin murfin bai daina ƙara ba. Uwar ta shiga ɗakin tsohuwa da Auta a ƙirji. Tsohuwa ta zamo rabi a gado rabi a ƙasa, tana dukan murfin da bayan hannunta. Fatar yatsunta ta fashe, jini ya ɓata ƙyallen. Ashe ta ƙofa ta ga lokacin da Auta ya leƙa bokitin, kuma ba ta da abin kira sai wannan hannun.

"Inna, ga shi, yana numfashi. Ki daina, don Allah ki daina."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ta ɗauko ludayin, ta sa shi cikin hannun mai jini, ta kifa kanta a kai tana kuka.

Darasi: Kada gajiya ta sa ka toshe bakin mai rauni, kuma kada ka raina dabarar yaro. Kiran da ke damunka yau, wataƙila shi zai ceci abin da ka fi so gobe. Ku tura wa duk mai jinyar tsoho a gida.