Tsohon da Ke Kwana da Yunwa Ranar Kirsimeti

Akwai wani manomi da ya tsufa, matarsa ta rasu, 'yarsa ce ke kula da shi. Yana da 'ya'ya maza biyu, kowa da iyalinsa a wani gari. Waɗannan biyu sun yi faɗa a kan wata ɗorawa da ke kan iyakar gonakin da ya raba musu, tun daga nan ba sa ga maciji da juna. Amma duk Kirsimeti sai sun zo gida, don kada mutanen ikilisiya su yi da su.

In sun zo, kowa ya yanka akuyarsa, matar kowa ta ɗora tukunyarta a gefenta na tsakar gida. Da an taso daga sujada, sai kowa ya aika wa mahaifin kwanon shinkafa da nama, ya koma ya zuba ido. Wata shekara tsohon ya ci na babban, sai ƙaramin ya kwashe iyalinsa ya tafi tun rana ba ta faɗi ba. Da shekara ta zagayo ya ci na ƙaramin, babban ya ce, "Ashe ni bare ne a gidan nan." Wata shekarar kuma tsohon ya gwada ɗanɗana duka biyun, aka yi rigima a kan wanda ya fara buɗewa.

Daga nan ya daina taɓa kowanne. 'Yar takan mayar wa kowa kwanonsa a ɓoye. Kowa ya ga nasa cike, sai ya ɗauka na ɗan'uwansa aka cinye, gaba ta ƙara tsanani. Haka aka yi shekara da shekaru.

Wata Kirsimeti 'yar ta gaji. Ta ɗauko kwanukan biyu ta ajiye a tsakiyar gida, ta buɗe su a gaban kowa. Ta ce wa yayyenta, "Ku duba, ba wanda aka taɓa. Ku zo ku ga abin da Baba ke ci."

Suka shiga ɗakin tsohon, suka tarar da shi zaune a kan tabarma, yana cin ɗumamen tuwon jiya. Babban ya ce, "Baba, me ya sa?"

Ya ce, "In na ci na ɗaya, na rasa ɗayan. Gara yunwa."

Kunya ta rufe su. Babban ya ɗauko akushin mahaifinsu ya juye kwanonsa a ciki, ƙaramin ma ya juye nasa, suka durƙusa suka ajiye a gabansa. Tsohon ya ɗauki tsoka ɗaya ya jujjuya ta, ya mayar. Ya ce, "Lokacin da nake da haƙora ba ku bar ni na ci ba. Yanzu ku ci, ni in kalla."

Suka ci suna kuka.

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Tsohon nan iyayenmu ne, kwanukan kuma su ne alherin da muke yi don a zaɓe mu a bar ɗan'uwanmu. Na sha ganin wannan a gidajenmu, yana kuma ɓata mini rai: da safe mu rera waƙar salama a benci ɗaya, da rana mu kasa sa hannu a kwano ɗaya. Muna tsammani ɗan'uwanmu muke hukuntawa, alhali tsoho ko tsohuwa ne ke shan wahalar, sun yi shiru don kada gida ya watse. Ubanmu na Sama ma ba ya jin daɗin baikon da aka kawo masa a sujada da gaba a zuciya.

Idan kana da ɗan'uwan da ba ka gaisawa da shi, kada ka ce sai baɗi. Ka je wurinsa kafin ka yanka akuyar bana, tun iyayenka suna iya cin abin da ka dafa.