Mutumin Da Ya Yi Harbi Ana Cikin Gaishe Shi

A nan Talata Mafara an yi wani mutum, ɗan gidan mahauta. Ba zan faɗi sunansa ba. Wanda ya san shi ya san shi, kuma danginsa na nan da rai, ba su sunka yi mani laifi ba.

Ya 'yan uwa Musulmi na Mafara da Bakura da Maradun, tun da malamanmu sun ƙi taɓa wanga zance a kan mumbari, ni Hadizatu zan yi wa'azin. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Faɗa na yi anka rubuta, kuma na hana a gyara mani baki.

Mutumin nan a gabana ya tashi. Ubansa kan zo ƙauyenmu sayen awaki da tumaki hannun maigidana, ya taho da shi yana ja masa igiya. Ya sha furata har ban san iyaka ba. Uwarsa Nagode kuwa mun sha haɗuwa wurin suna da biki.

Da anka yi yaƙin basasa ya sa kaki ya tafi. Ya dawo da ransa, ba ko ƙwarzane. Sai ya riƙa zama bakin tukuba da la'asar yana ba da labari. Wai sun shiga wani ƙauye, ba su iske mayaƙi ba sai tsofaffi da mata da kaji, amma ba su fita ba sai da sunka mai da shi toka. Yana faɗi yana dariya. Ku ma kuna dariya, kuna miƙa masa tsire. Ƙarya nake yi? Akwai masu furfura a cikinku yau da sunka zauna wurin. Ba wanda ya ce masa, “Kai, ji tsoron Allah, waɗancan ma 'ya'yan mutane ne.”

Kuma kowa ya gani, in iska ta buga kwanon rufi sai ya zube ƙasa ya rufe kai da hannu. Wannan ma dariya kunka yi. Mutum ya dawo da jini a hannu da ciwo a kai, ba a kai shi ga likita ba, ba a zaunar da shi gaban malami ba. Ƙarshenta ma wani kakin anka sake ba shi, da wata bindigar.

Sai ga zancen dam. Anka tare gulbi a Bakolori. Ruwa ya ci gonakin wasu, katafila ta ci na wasu, anka ce za a biya diyya, mu yi haƙuri. Munka yi haƙuri har ana ganin gindin rumbu. Da abin ya ishi mazanmu, sai sunka jawo itatuwa sunka tare hanyar ma'aikata, sunka zauna a kai.

Wata rana da hantsi motoci sunka zo cike da masu kaki. Ni ina gida. Abin da zan faɗa daga bakin Zubairu maƙwabcinmu na ji shi. Yana wurin, har yau kuma yana ɗingishi da harsashin ranar.

Da masu kaki sunka diro sunka yi sahu, mutanenmu sun fara watsewa cikin daji. Da an ƙyale su da sun tsira. Sai maigidana ya hangi fuskar da ya sani a sahun gaba. Ya ɗaga hannu ya ce, “Ku tsaya, ku tsaya! Ga ɗan Nagode nan. Namu na!” Ya gyara rigarsa, ya taka gaba shi kaɗai, hannu a miƙe.

Kun san halinmu. In babba ya fara gaisuwa, ba mai ba shi baya sai an gama. Masu gudu sunka dawo, sunka taru bayansa, suna jiran ya ƙare su ma su miƙa hannu.

“Maraba, ɗan Nagode. An zo lahiya?”

Zubairu ya ce ya ga leɓen ɗan Nagode ya motsa. “Lahiya lau, Baba.”

“Ya hanya? Ya aikin?”

“Lahiya lau.”

“Madalla. Ya tsohuwa? Ƙafar nan tata ta yi sauƙi?”

Babban masu kakin ya daka tsawa daga baya. Ɗan Nagode ya ɗaga bindiga ya harbi mutumin da ke tambayar lafiyar uwarsa. Sauran sunka bi. Ba su sha wahalar nema ba, ladabi ya riga ya tara masu mutane wuri guda.

Za ku ce umurni anka ba shi. Na ji wannan har kunnena ya gaji. Sama ba ta nan? Akwai waɗanda sunka harba sama ranar, Zubairu ya gan su daga cikin ramin da ya faɗa. Wa ya ce masa lalle sai ƙirjin tsohon da ya miƙo masa hannu? Ranar hisabi, mai tsawar ne zai ɗaukar masa?

Anka loda gawawwaki a babbar mota, shi yana tsaye a baya, anka tafi da su. Ba wanka, ba likkafani, ba salla. Na yi takaba ban ga gawa ba. Da na fita, sai na shiga bin ofis-ofis. Wannan ya ce je ki dawo. Wancan ya ce ba a kashe kowa daga ƙauyenku ba. Na ce, “To ina mijina, ƙasa ta haɗiye shi? In ta haɗiye shi ku nuna mani wurin.” Na kai Zubairu da ƙafarsa, anka ce ai shi ma cikin masu fitinar yake, in kawo wani shaida. Wa ya rage? Sai wanda ya tsaya a bayan motar.

Ku ji yadda Allah ya yi da shi.

Ba a daɗe ba anka sauke shi a tashar Mafara da ƙullin kayansa, ba kaki. An ce a wurin aikinsu wani ya ce masa ina kwana, sai ya fashe da ihu ya shige ƙarƙashin mota. Waɗanda sunka aike shi ba su ga mara lafiya ba. Sun ga fartanya da ta karye, sunka yar.

Ya 'yan uwa, ku yi tunani. A ƙasar nan tamu mutum ya kasa jin gaisuwa, ina zai zauna? Ubansa ya ba shi wuƙa ya tsaya teburin nama. Mai saye na farko ya ce, “Sannu da aiki, ya gida?” Sai ya saki wuƙa ya ruga. A masallaci ana sallamewa kowa ya juyo da hannu, sai ya bar zuwa. Matarsa ta kwashe 'ya'ya ta koma gidansu Garbadu, ban kuwa ga laifinta ba. In uwarsa ta leƙo ɗakinsa sai ya juya fuska ga bango. Mutanen gari sunka koyi wuce shi yadda ake wuce kututture, ba sallama. Shi kuwa ya tare gefen kasuwar shanu, yana amsa wa iska: “Lahiya lau, Baba. Lahiya lau.” Sai ya tsaya yana jiran tambayar da ke biye.

Kunka ce aljannu ne. Wane aljani? Komi sai ku ɗora wa aljannu don kada ku kama sunan mutum. Anka kai shi gidan wani mai magani a Bakura, anka sa masa mari a ƙafa, daga hayaƙi sai bulala. Bulala tana fitar da abin da ido ya gani?

Ni na koma wurin waɗanda sunka aike shi. Na roƙe su su kai shi asibitin masu taɓin hankali, inda ake ba da magani mutum ya dawo hayyacinsa. Ni fa! Ni ce ke roƙo a yi wa makashin mijina magani, don duk duniya bakinsa kaɗai nake da shi. Anka ce ai shi ba nasu ba ne yanzu. Da lafiyarsa nasu ne, da ya lalace namu ne.

Shekaru sunka yi ta wucewa yana cikin mari. Na riƙa zuwa Bakura ina kai masa fura. Ba na sallama, sai in aje ƙwarya in zauna. Mata sunka fara cewa, “Hadizatu ta yafe, wannan shi ne imani.” Ban yafe ba. Kada wanda ya sa mani rigar waliyyai. Kiwon bakin nake yi, ko ya buɗe ya faɗa mani inda mijina yake kwance.

Wata rana ya ɗago ya dube ni, idonsa tar kamar na mai lafiya.

“Inna, ke ta?”

“Ni ta. Ina kunka kai shi?”

“Kin rame, Inna.”

“Kai ka ramar da ni, ɗan banza. Ina kunka kai shi?”

Ya dubi marin ƙafarsa. Sannan ya ce, “Akwai tsamiya, akwai suri kusa da ita. Tashi in nuna maki.”

Na sa anka kwance shi, na aika anka kira Zubairu. Munka kama hanya, mahaukaci a gaba, gurgu da tsohuwa a baya, mutane na kallo. Bai ɓata ba ko sau guda. Ya san inda motar ta saki titi, ya san inda ta ratse. Har munka fito filin aikin ruwa. Nan ya ja ya tsaya.

Ba tsamiya. Ba suri. Cikin shekarun da ya yi a mari, katafila ta shafe wurin kamar an shimfiɗa tabarma, an ja hanyoyin ruwa na siminti, alkama kore shar iyakar ganin ido.

Ya juya gabas, ya juya yamma. Ya ce, “Nan na.” Ya durƙusa ya fara tono da hannu. Ya miƙe ya ce, “A'a, can na.” Ya ruga can ya sake tono. Ya tuge alkamar bawan Allah, ya koma wata kunya, ya koma wata, har faratansa sunka fita, jini ya haɗu da laka. Mai gonar ya taso da sanda, ni na tare shi. Ni na kama hannun nan, hannun da ya ja kunamar bindiga, na ce, “Bari. Ya isa.”

Daga ranar bai ƙara yin maganar hankali ba. Ya ƙi komawa Bakura, ya ƙi gida. Kullum yana cikin gonakin mutane yana tono, ana korarsa, ana dukansa, ya dawo. Da bazara anka iske shi a gefen hanyar ruwa, rai ya yi halinsa, hannuwa cike da ƙasa.

To, ga darasin, kada ku ce ban faɗa ba. Duk wanda bai ɗauki makami ba, ba a taɓa shi, ko a kudu yake ko a ƙofar gidanku, ko da salla ko ba salla. Wanda ya taɓa shi ba zai ci lafiya ba, ko da duniya ta rufa masa asiri. Kai mai kaki, in an yi maka tsawa ka tuna akwai wanda ya fi mai tsawar.

Ku kuma masu dariya a bakin tukuba, kuna da kaso. Da kun tsawata masa tun yana alfahari da jinin ƙauyen wasu, da wataƙila bai iso namu ba.

Mafi girman kaso kuwa na masu ba da bindiga ne. Kun ɗauki ɗan mutane kun koya masa kisa, ya dawo da kai a birkice, kunka sake ɗora masa bindiga. Da ya gama yi maku aiki kunka watsar. Da kun yi masa magani tun farkon ciwon, da ya kai ni gindin tsamiyar tana tsaye. Ko dai abin da ba ku so ke nan? Shaidan da ya haukace ba ya tsayawa gaban alƙali, ko ba haka ba?

Na je jana'izarsa, na tsaya daga nesa. An yi masa wanka, an sa masa likkafani fari tas, liman ya shiga gaba, kunka yi sahu har bakin titi. Ban hana ba, Musulmi ne, sauran tsakaninsa da Mahaliccinsa. Yana da kabari. Na san wurin, zan iya kai ku. Maigidana kuwa, da waɗanda sunka tsaya bayansa, ana shuka alkama a kansu, muna saye muna ci ba mu sani ba.

Diyya haƙƙina ce, ban bar wa kowa ba. Amma kafin ita, a nuna mani ramin, a tsayar da liman a yi masu salla. Motar nan ba ita ta tuƙa kanta ba. Ramin nan ba shi ya haƙa kansa ba. Akwai wanda ya sani, wataƙila ma yana cikin masu sauraron wanga wa'azi yana sunkuyar da kai. Gidana ba ɓoyayye ba ne. Ya zo tun ƙafafuna na iya kai ni.

Allah ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinsa. Allah ya tsare mana hankalinmu har ranar da za mu cika. Allah ya ba kowannenmu makwancin da danginsa za su iya tsayawa a kai su yi masa addu'a. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye na bayanmu. Amin.