Manomin da Ya Kumbura a Kan Dutse

Akwai wani mai zanen katun a gidan talabijin, abokan aikinsa suna kiransa Alƙalami. Shirinsa na yara labarin wani manomi ne mai hawan dutse don neman tsarkin zuciya. Duk makon da manomin ya bar mugun hali ɗaya, sai Alƙalami ya ƙara masa tsawo da faɗin ƙirji.

Mai karanta labarin a shirin wata dattijuwa ce, kowa Gwaggo yake ce mata. Ranar ɗaukar muryar kashi na ƙarshe, ta ɗago kai daga takarda ta dubi allo.

"Ɗan nan, mutumin naka fa ya kumbura. Ka taɓa tsayawa gindin dutse ka kalli mai hawa? Ƙanƙancewa yake yi."

"Alamar girman ruhi ce, Gwaggo. Ke dai karanta abin da aka rubuta miki, zane ba tatsuniya ba ne."

Ta karanta yadda aka rubuta.

Saura kwana uku shugabar tashar ta kalli kashin, ta yanke ko shirin ya ci gaba ko a rufe shi. Da la'asar Alƙalami ya kunna wa autarsa kashin a falo, yana jiran yabo. Da manomin ya cika allo, kansa na gogar gajimare, sai yarinyar ta ɓuya bayan kujera.

"Baba, dodon nan ne ya cinye manomin?"

Washegari ya durƙusa gaban Gwaggo a ɗakin ɗaukar murya.

"Na yi kuskure, Gwaggo."

"Tashi, mai shara ta riga ta goge wurin, ba sai ka goge da gwiwa ba. Kwana nawa ya rage?"

"Biyu."

"To ɗauko alƙalamin naka."

Ya sake zanen. Manomin na hawa yana ƙanƙancewa, har ya koma ɗigo ɗaya, sararin sama ya cika allo. Shugabar ta kalla, sannan ta ce a ci gaba da shirin.

Da aka zo jera sunayen ma'aikata a ƙarshen shirin, Alƙalami ya rage girman nasa, ya sa shi ƙarƙashin na Gwaggo.

Darasi: Mai kusantar Ubangiji ƙanƙanta yake yi a idon kansa. In ka ga kana kumbura, duba da kyau, wataƙila ba hawa kake yi ba. Tura wa 'yan uwa su ma su amfana.