Yadda Kurege Ya Raba Abokan Wasa

Ga ta nan, ga ta nanku, kowa ya gyara zama.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wai a wani gari an yi waɗansu abokan wasa, Kwaɗo mai kalangu, Kurciya mai waƙa, da Gauraka mai rawa. In Gauraka ya ɗaga ƙafa, a nan Kwaɗo ke samun kiɗa. In Kwaɗo ya matse kalangu, a nan Kurciya ke tsintar baiti. Ita kuma in ta ja murya, sai ƙafar Gauraka ta gano takun da ba ta taɓa yi ba. Kurege kuwa shi ne sanƙiransu, aikinsa ke nan ya riƙa ihu yana cewa, "A gaishe ku!"

Da kaka ta yi, sai Bijimi Sarkin Noma ya aiko a zo a yi masa wasa, ladan buhun gyaɗa. Kurege ya ji, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Buhu guda, a raba har da Kwaɗo wanda ko haƙori ba shi da shi? Wannan zalunci har ina!"

Sai ya je wurin Kwaɗo. "Malam Kwaɗo, abin da kunya, amma Kurciya ta ce kiɗanka kamar ana dakan jiƙaƙƙen gero."

Kwaɗo ya kumbura. "Ni? To ta yi waƙarta da turmi!"

Ya je wurin Kurciya. "Inna Kurciya, abin da kunya, amma Gauraka ya ce muryarki barci take sa ƙafarsa."

Kurciya ta ce, "Ni? To kurma ya yi masa waƙa!"

Ya je wurin Gauraka. "Yaya Gauraka, abin da kunya, amma Kwaɗo ya ce ba rawa kake yi ba, ƙaya kake takawa."

Gauraka ya juya baya.

Ranar wasa Kurege ya sato kalangu, ya soka tsintsiya a ka a madadin tukkun Gauraka, ya faɗi gaban Bijimi. "Ranka ya daɗe, sun yi yaji. Amma dama ni nake koya musu."

Bijimi ya dube shi, ya huro hanci. "To bismilla. In ka kunyata ni gaban baƙina, a kan ƙahon nan za ka koma gida."

Kurege ya doki kalangu, kalangu ya ce ɓus. Ya buɗe baki zai yi waƙa, sai numfashi ya ƙare. Ya ɗaga ƙafa zai yi rawa, jela ta harɗe shi, ya kifa. Bijimi ya fara tonon ƙasa da kofato.

Kurege yana kwance sai ya hango su ukun can bayan taro, kowa a gefensa, sun zo kallon yadda za a yi ba su. Wuf ya miƙe.

"Jama'a, ku dakata! Wannan ba nawa ba ne, kiɗan Kwaɗo nake nuna muku. Haka yake yi, ban rage komai ba." Ya sake doka ɓus.

"Ƙarya kake, ɗan banza!" Kwaɗo ya yi tsalle ya fizge kalangunsa, ya matse shi da fushi har tsarkiya tana kuka.

Kurege ya shaƙe murya. "Ga kuma waƙar Inna Kurciya."

"Allah ya isa!" Kurciya ta diro, ta hau kan kiɗan nan mai zafi, tana zagin Kurege baiti bayan baiti, tun daga haƙoransa har jelarsa.

Gauraka bai jira a kwaikwaye shi ba. Ya shigo da sabon taku, ya juya, ya juya, daidai inda kiɗa ya faɗi ya zabga wa Kurege shuri, sai ga Kurege a sama, tsintsiya ta watse. Taro ya ruɗe da guɗa. Ba a taɓa ganin wasa irin wannan ba.

Bijimi ya yi dariya har da hawaye. "Wa ya tsara wannan?"

Kurege ya rarrafo yana dafe da ƙugu. "Ni ne, ranka ya daɗe."

Su ukun suka zabura, amma Bijimi ya ɗaga kofato. "Madalla. Tunda kai ka tsara, daga yau kowane biki haka za a riƙa yi, kada a rage komai. Musamman shurin nan."

Haka aka yi ta yi. Kowace kaka Kurege yana karɓar kasonsa, yana ci a tsaye don zama ya gagare shi, yana kai ƙara wurin duk wanda ya tsaya saurare. "Ni na ƙirƙiro wasan nan! Amma wa ake yi wa guɗa? Ƙafar Gauraka!"

Ƙurunƙus, kan kuregen da ya sha shuri. Duk mai niyyar raba mawaƙi da makaɗi, ya fara ɗaura tsumma a ƙugu tukuna.