Kwaɗo Biyar a Ƙofar Wendell

Akwai wani mutum mai suna Wendell Kubacek da ya zo nan yankinmu na Terlingua neman fili, shi da matarsa Lorene. Daga Houston suka taso. Shekara talatin ya yi yana bankaɗo masu damfarar kamfanin inshora. Ya ajiye aikin, amma aikin bai ajiye shi ba. Ko sannu ka yi masa, sai ya ƙura maka ido ya ga me kake nema a wurinsa.

Lorene ce ta ja shi nan. Ƙirjinta ba ya jure damshin birni, likita ya ce ta nemi busasshiyar iska. Tun da aka yi mata aikin ƙugu kuma da sanda take tafiya, taku goma sai ta huta. Burinta bai wuce ta buɗe taga da safe ta hango duwatsun gandun daji ba.

Ni Nadine, ni ke sayar da ruwa a bakin kwalta, don haka duk baƙon da ya zo sai ya bi ta shagona. A gabana Wendell ya ƙi fili uku. Na farko babu hanyar shiga a takarda. Na biyu iyakarsa ba ta fito ba. Na uku kuwa cewa ya yi dillalin ya cika murmushi.

Ban ga laifinsa sosai ba. Mun sha ganin waɗanda suka sayi fili ta waya, suka zo suka tarar da shi a gefen dutse inda ko akuya sai ta yi shawara kafin ta hau. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

A ƙarshe ya sayi eka ashirin, mil bakwai daga iyakar gandun. Sau biyu ya sa aka auna masa. Takardun ya karance su har da ƙananan rubutun da ba wanda ke karantawa.

Kwana biyu da saye sai ga shi a shagona, fuska a murtuke.

"Madam, kwaɗo biyar na tarar a ƙofar filina. Na waye?"

Na ce, "Na biyun nawa ne. Na farko na maƙwabcinka Don Chebo ne, ragowar na sauran maƙwabta."

"Me kwaɗonki ke yi a ƙofata?"

Na yi masa bayani. A nan ba ma rufe ƙofar daji da kwaɗo ɗaya. Sarƙa ake sawa, sai kowane maƙwabci ya rataya kwaɗonsa a jikin na ɗan'uwansa, su zama kamar sarƙar da kanta. Kowa ya buɗe nasa, ƙofa ta buɗe. Ba ka ba kowa makullinka ba, amma ba ka hana kowa isowa gare ka ba.

Ya ce, "Wato mutum biyar da ban sani ba za su iya shigo mini duk sa'ad da suka ga dama."

Na ce, "Mutum biyar za su iya zuwa ranar da ka kasa fitowa."

Ya ɗan yi dariya ta hanci. "Ruwa ba ya tsami banza, Madam."

Don Chebo da na ambata, sunansa Eusebio Baeza, dattijo ne mai shekara saba'in da huɗu, filinsa ke maƙwabtaka da na Wendell. A nan aka binne cibiyarsa. Yana da awaki kusan arba'in da wata tsohuwar koriyar akori-kura da yake jido musu ruwa da ita.

Ranar da aka kawo wa Wendell gidansa mai taya, Don Chebo ya je yi musu barka da zuwa, da tukunyar wake da gurasar masara. Ya tarar ana shirin ajiye gidan a wani kwari mai laushin yashi, ƙarƙashin bishiyoyi guda shida. A duk eka ashirin ɗin nan, nan kaɗai ke da inuwa.

"Maƙwabci," in ji Don Chebo, "kada ka sauka nan. Ka hau wancan tudun."

Wendell ya dubi tudun. Tsakuwa ce zalla, rana na dukanta.

"Saboda me?"

Don Chebo ya ɗaga sandarsa ya nuna wani reshe da ya ɗara kan mutum tsawo. Busasshiyar ciyawa ce da ƙirare suka naɗe a jikinsa.

"Wa ya hau ya ajiye wannan a can?"

"Tsuntsu."

"Tsuntsun nan sunansa ruwa. Sau biyu na gan shi da idona."

Wendell ya waiga hagu da dama. Ko ɗigon ruwa babu. Amma ya ga wani abu dabam: ƙarƙashin bishiyoyin cike yake da kashin awaki.

"Awakin waye ke kwanciya a nan?"

"Nawa ne. Tun zamanin tsohon mai filin."

"To, yanzu na gane," in ji Wendell. "Na gode da waken, Mista Baeza."

Lorene ta ce a hankali, "Wendell, ko za mu duba tudun?"

"Lorene, shekara talatin ina jin irin wannan labarin. Kullum mai ba ka shawara kyauta akwai abin da ya hango."

Gaskiya zan faɗa muku, ni ma da na ji labarin sai da na ɗan yi zargi. Awakin Don Chebo na son inuwar nan, kowa ya sani. Allah ya yafe mini.

Washegari Wendell ya yanke kwaɗunan nan biyar. Ya zuba su a leda ya kawo mini shago, ya ce in mayar wa kowa nasa. Ya sa sabuwar sarƙa mai kaurin yatsa da wani ƙaton kwaɗo da aka ce masa ba zarton da ke cinsa. Makulli ɗaya ne, yana aljihunsa.

Doka ta ba shi, filinsa ne, hanyar kuma a wurinsa ta ƙare. Amma abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Na jefa ledar ƙarƙashin kanta.

Daga nan zargi ya zama abincin kowa. Shi yana zarginmu, mu muna zarginsa. Wasu suka ce gudun hukuma ya yi. Wasu suka ce wani abu yake shukawa a kwarin. In ya zo sayen ruwa sai ya sa sanda a tanki ya auna ko na cika masa.

Wata rana na ce, "Mista Kubacek, ko in ƙirga maka shi ɗigo-ɗigo?"

Ya ce, "Da za ki iya, da na fi so."

Don Chebo kuwa ya kwashe awakinsa ya kafa musu rumfar kwano a filinsa. In sun haɗu a hanya yana ɗaga wa Wendell hannu. Wendell ba ya amsawa.

Shekara biyu ba a yi ruwan kirki ba. Duk sanda Wendell ya ga dattijon a shagona sai ya ce, "Mista Baeza, ina tsuntsun naka? Har yanzu bai sauka ba."

Don Chebo ya ce, "Ba ya sanar da zuwansa, maƙwabci."

Ranar wata Talata a watan Agusta, Wendell ya tafi garin Alpine karɓo wa Lorene magani, tafiyar mil tamanin. Ya rufe ƙofa ta waje kamar kullum. A ganinsa ya bar ta cikin tsaro.

Wajen ƙarfe biyu na rana, mu nan rana tsaka, ko gajimare babu. Amma can kan duwatsu sama ta yi baƙi ƙirin. Ina tsaye ina kallo sai ga akori-kurar Don Chebo a guje, yana danna ƙaho.

"Nadine! Mutumin nan ya dawo?"

"Bai dawo ba."

"Matar tana ciki?"

"Ina za ta je?"

"Ɗauko almakashin ƙarfe ki shigo!"

Waya ba ta shiga kwarin, kowa ya san haka. Daga ƙofa zuwa gidan kuma mil ɗaya da rabi ne. Ko mun tsallake shinge mun je da ƙafa, da me za mu fito da matar da ba ta iya taku ashirin?

Muka isa ƙofa. Na ɗora almakashi a kan kwaɗo na danna da iya ƙarfina. Ko ƙwarzane bai yi ba. Don Chebo ya gwada sarƙar, bakin almakashin ne ya lanƙwashe.

Ya tsaya ya kasa kunne. Ni ban ji komai ba. Shi ya ji.

"Shiga, ki riƙe da kyau."

"Don Chebo, motarka ke nan guda ɗaya."

"Na sani."

Ya ja baya, ya taka ta. Karo na farko ƙofar ta lotsa. Karo na biyu turken ya tumɓuke daga ƙasa, ƙofar ta kwanta muka bi ta kanta. Gaban motar ya fashe, tururi na tashi har ba ma ganin hanya sosai.

Muka tarar da Lorene zaune a inuwa tana ɗinki, rediyo na yi mata waƙa.

"Lafiya? Wendell ba ya nan."

"Uwargida, tashi," in ji Don Chebo. "Ba ma da lokacin gaisuwa."

"Bari in ɗauko hotunan yarana."

"Bar su!"

A lokacin ni ma na ji. Wani gurnani ne daga sama da kwarin, kamar manyan motoci na tahowa a jere. Iskar ta yi sanyi, ta zo da warin laka.

Muka ɗauke ta ni da shi, sandarta ma a can ta faɗi. Motar ta hau tudun tana tari, tana kaiwa sama ta mutu. Ba ta sake tashi ba har yau.

Muna waigowa muka ga ruwan. Ja ne, gabansa cike da itatuwa da duwatsu. Ya ɗaga gidan nan kamar kwali, ya juya shi, ya maka shi da bishiya. Kujerar da Lorene ke zaune a kai minti biyar da suka wuce, ba mu sake ganinta ba. Har lokacin ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Lorene ba ta yi kuka ba. Ta riƙe hannun dattijon kawai. Ya cire malafarsa ya ɗora mata.

Wajen ƙarfe biyar Wendell ya dawo. Daga kan tudun muna hango ƙofa. Muka ga motarsa ta tsaya, ya fito. Ya zagaya ƙofar da ke kwance, ya durƙusa ya duba koren fentin da ya goge a jikinta. Sai ya ciro waya ya shiga ɗaukar hoto, ta nan, ta can, har da sawun taya.

Shaida yake tarawa. Matarsa na kallonsa.

Sai da ya gama sannan ya shigo. Muka ga ya karyo kwanar kwarin, ya taka birki. Ya fito da gudu har bakin ruwan, yana kiran sunanta da wata murya da ban taɓa jin namiji ya yi ba. Duk haushinsa da nake ji, sai da hawaye ya zubo mini.

Na ɗaga hannu na yi masa ihu. Ya hau tudun nan da rarrafe, tsakuwa na yanka masa hannu. Ya zube gabanta ya rungume ƙafafunta.

Da ya ɗago, ya dubi motar da ta mutu, ya dubi Don Chebo.

Dattijon ya nuna ƙofar da haɓa. "Kwaɗonka bai buɗe ba, maƙwabci. Wanda ya sayar maka bai cuce ka ba."

Lorene ta dafa kan mijinta. "Shekara biyu kana kulle ɓarayin da ba su zo ba, Wendell. Ni kaɗai ka kulle."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro makullin, ya dube shi, ya rasa inda zai sa shi.

Bayan mako ɗaya ya shigo shagona. Bai auna tanki ba. Ya tsaya yana murza hularsa.

"Nadine, ledar nan da na kawo miki, tana nan?"

Na ciro ta, duk ƙura.

"Faɗa mini na waye da na waye."

Gida-gida ya bi ya kai wa kowa sabon kwaɗo, ya nemi gafara a tsaye a bakin ƙofa. Da ya je wurin Don Chebo kuma, sai Wendell ya miƙa masa makullin tasa motar, ya ce awaki ba sa jiran bakanike. Sai da dattijon ya ƙi sau uku kafin ya karɓa.

Yanzu gidan su Wendell na kan tudu, inda aka nuna masa tun farko. Awaki sun koma inuwarsu. A reshen nan kuma, sama da tsohuwar ciyawar, akwai wani ƙyallen labulen Lorene da ruwa ya rataye. Na ce masa ya sa tsani ya cire, ya ce a bar shi.

Kwaɗo shida ne a ƙofar yau. Nasa ne na ƙarshe.

Darasi: Ka bincika takarda kafin ka sayi fili, wannan wayo ne. Amma takarda ba ta san inda ruwa ke bi ba, da ɗan gari akan ci gari. Ba duk mai ba ka shawara ke da wata manufa ba, kuma ƙofar da ka rufe wa kowa don tsoron mugu, ka rufe ta ne har ga wanda zai cece ka. Ku tura wannan ga wanda kuka san ya yanke wa maƙwabtansa kwaɗo, ko zai mayar tun sama ba ta yi baƙi ba.