Layar da Inna Ladingo ta rataya shekara biyu

To, ku aje wayoyin nan haka, ai ba guduwa za su yi ba. Labarin ma a kansu yake. Ku saurara har ƙarshe, don akwai shari'ar da zan bar muku, ni ta fi ƙarfina.

A wani gari na manoman riɗi can gefen Gumel an yi wani saurayi, Sagiru, ɗan wata tsohuwa da ake kira Inna Ladingo. Sagiru yana da kai, ba ƙarya. Shi ya ƙirƙiro nasa kuɗin intanet, irin wanda kuke cewa kirifto, ya raɗa masa suna Tsaba. Ya bi manoma gida-gida yana cewa, maimakon kuɗin riɗinsu ya zauna a ƙarƙashin katifa yana lalacewa, su sayi Tsaba, in babbar kasuwar musaya ta karɓe ta za su iya sayarwa duk ranar da suka ga dama. Mutum ɗari uku da wani abu suka saya. Shi kuma ya ware wa kansa kashi ɗaya cikin biyar, ya yi rantsuwa a gaban jama'a ba zai taɓa ba.

Ga inda gizo ke saƙa kuwa: sabon kuɗi irin wannan, in kasuwa ba ta sa shi a jerinta ba, lamba ce kawai a waya. Kamar ka yi noma ne a hana ka rumfa. Sagiru ya ƙagu, sai wani ya tuntuɓe shi ta intanet ya ce shi wakilin kasuwar ne, a biya kuɗin shiga, cikin sati biyu an gama. Sagiru ya kwashe kuɗin manoma ya tura. Mutumin ya ɓace. Kwana tara bayan haka Sagiru ya hau mota zuwa Kano neman yadda zai yi, motar ta kife, gawarsa aka dawo da ita.

Ba a ma share makoki ba gari ya ɗauka cewa ɓarawo ne, ya ci kuɗi ya mutu. Wasu da suka zo gaisuwa wayarsu suke miƙa wa tsohuwar, suna nuna mata lambar da ba ta sayen ko gishiri. Inna Ladingo ta daina zuwa biki, ta daina zuwa suna, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Abu ɗaya take faɗa kullum: "Ni dai kada in mutu ana kiran ɗana ɓarawo."

Mutum uku suka tashi don wannan magana. Suka nemi kasuwar ta gaskiya, aka ce musu ba a shiga da rarrashi, sharaɗi uku ne.

Na farko, kasuwar ta ce ba ta karɓar kuɗin da ba shi da uba. Sai wani mai rai ya kawo fuskarsa da katinsa da adireshinsa, ya sa hannu cewa in an sami matsala shi za a kama. Wa zai sa hannu a kan abin da gari ke zagi? Barira, yayar Sagiru, malama ce a wata makaranta mai zaman kanta, ita ta sa. Ranar da sunanta ya fito, manoman da suka rasa wanda za su kama suka samu. Aka kai ƙara, ta yi kwana goma sha ɗaya a tsare tana amsa tambayoyi kan abin da ba ita ta yi ba. Da ta fito, makarantar ta ce iyayen yara ba sa so. Ta koma toya ƙosai a bakin tasha, kuma duk takardar da kasuwa ta sake nema, ita ke zuwa ta sa hannu, hannun yana ƙaurin mai.

Na biyu, kasuwar ta ce sai masu bincike sun duba yadda aka gina kuɗin. Suka duba, suka ce a'a, akwai ƙofar baya, wadda mai kuɗin zai iya buga sababbi yadda ya so ya zubo kasuwa. Ƙasimu, abokin Sagiru, mai gyaran waya, tare suka koyi wannan aiki, shi ya ɗauki wannan. A lokacin har an kira shi aiki a Abuja, albashi mai kyau, ya ce su ba wani. Wata biyar yana sake ginin tun daga tushe, yana bin manoma ɗaya-ɗaya don a mayar wa kowa nasa daidai, wasu su zage shi kafin su miƙa wayar. Idonsa ya lalace, yanzu in ba gilashi mai kauri ba, ba ya gane ƙananan kayan cikin waya. Shi ne kuma ya tara mutane a ƙofar mai gari ya nuna musu cewa Sagiru bai taɓa bi ta ƙofar nan ba, kason nasa kuma yana nan ko ɗaya bai motsa ba. Sai dai makullin kason, wasu kalmomi goma sha biyu, an neme su har ƙarƙashin tabarma an rasa, aka ce sun tafi tare da mai su.

Na uku, kasuwar ta ce sai an aje kuɗi masu yawa a gefe, don ranar buɗewa duk mai son sayarwa ya sami mai saya. Kawu Tanimu, ƙanen Inna Ladingo, yana da babbar mota ɗaya da yake dakon riɗi, ita ce cinsa, ita ce shansa. Bai san kirifto ba, bai kuma yarda da shi ba, shi da bakinsa ya sha ce wa Sagiru wannan wasan yara ne. Ya je ya zauna gaban yayarsa, ya ga yadda ta rame, ya ce, "Yaya, ki daina kukan nan haka." Da gari ya waye ya kai motar aka yi mata kuɗi.

Aka sa Tsaba a jerin kasuwa ranar wata Talata. Kuna tsammanin an yi murna? Manoman da suka shekara biyu da tsoro a ciki, duk suka danna sayarwa a lokaci guda. Kafin azahar kuɗin motar Kawu Tanimu ya ƙare tas, farashi ya faɗi ƙasa. Waɗanda suka riga sayarwa sun tsira da mafi yawan abinsu. Wajen mutum ɗari da suka makara, ko suka ce za su jira, suna nan riƙe da nasu har yau. Kawu Tanimu kuwa yanzu yaron mota ne a motar wani, da furfurarsa. Amma dai an daina cewa ɓarawo, har waɗanda suka fi kowa zagi suka zo suka ba tsohuwa haƙuri.

Ba ta daɗe tana jin daɗin haka ba ciwo ya kwantar da ita. Wata safiya Barira na goge mata jiki, igiyar wata laya da ke wuyanta ta tsinke. Barira ta ce, "Inna, wannan ta wane malami ce?"

Ta ce, "Ba ta malami ba ce. Sagiru ne ya ba ni takarda, ya ce in tsare ta kamar raina, kada in nuna wa kowa. Na ce to addu'a ce, na kai wa baduku ya ɗinke."

Aka kira Ƙasimu ya farke fatar. Kalmomi goma sha biyu ne, da rubutun Sagiru. Shekara biyu suna rataye a wuyanta. Ƙasimu ya zauna a ƙasa ya yi kuka, Kawu Tanimu ya juya baya ya daɗe yana kallon bango.

Da aka yi mata bayani, tsohuwar ta fahimta sarai. Wanda ya riƙe takardar nan, in ya sayar da kason zai ɗan farfaɗo daga asararsa, amma farashi zai ƙarasa mutuwa, mutum ɗarin nan su tashi a tutar babu, a sake tono sunan Sagiru. In ya riƙe bai taɓa ba, zai ci gaba da wahalarsa yana kallon maganinta a aljihu, wataƙila har ƙarshen ransa. Na ga bakinka na motsi, za ka ce a raba musu kalmomin huɗu-huɗu. Ƙasimu ya riga ka, ya ce in ɗaya ya mutu ko ya yi fushi, shi ke nan an rufe har abada.

Ta kira su ukun, ta riƙe takardar, ta ce, "Ɗayanku zan ba. Ku bar ni zuwa la'asar in yi tunani." Ba ta kai la'asar ba. Aka zare takardar daga hannunta aka kai wa mai gari, tana nan cikin akwatinsa har yanzu, ya rasa wanda zai miƙa wa.

Ba don Barira ba da kasuwa ba ta ko buɗe takardarsu ba. Ba don Ƙasimu ba da an kore su tun a bincike. Ba don Kawu Tanimu ba da ranar buɗewa babu manomin da zai ga ko sisi. Dukansu yau a wahala suke, dukansu suna da bakunan ciyarwa. To, ku da kuka iya musu, wane ne a cikin ukun nan ya fi cancanta a damƙa wa takardar Sagiru?